Ga ɗiyata a Zariya: yadda Bahaushe Kirista ke samun dangi a Kumasi

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Ba ke kaɗai ke yi mini wannan tambaya daga gida ba, shi ya sa zan amsa a fili. Kin ce, "Gwaggo, Zango na Musulmi ne, coci na Tonawa ne, wato 'yan ƙabilar Asante, to ke ta ina kike? Tun da Baba ya rasu kaɗaici bai cinye ki ba?"

Rabin maganarki gaskiya ce. Goro ne ya kawo Hausawa ƙasar nan ta Ghana. Fatake suka yi ta zirga-zirgar Gwanja, Salaga ta zama babbar kasuwarsu, kuma da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 sai da yawa suka gangaro kudu, har da Kumasi. Musulmi ne, saboda haka Zango ya ginu da Sarkin Zango da limamai da makarantun allo da masu masauki. Yau in saurayi ya taso daga Kano ya sauka unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi da azahar, kafin a idar da lisha an san garinsu, an san wa zai kwana a zaurensa. Mu Kiristoci ba mu zo a ayari ba. Ɗaiɗai muka zo: wannan aure, wancan aikin jinya, wani karatu, wani kamar Babanku, maigidana, sayar da kayan gyaran mota a unguwar makanikai ta Suame Magazine. Ba mu da unguwa tamu, ba mu da sarki namu.

Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin 100 na mutanen Ghana Kiristoci ne, Musulmi kusan kashi 20. Za ki ce ai kakarmu ta yanke saƙa. Ina! Batone ya ji kina Hausa a kasuwar Kejetia, "Hajiya" zai kira ki. 'Yar Zango ta gan ki ran Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hannu, sai ta tambaye ki ko ke Frafra ce, 'yar arewacin Ghana. Masu harshenki ba ku haɗa wurin ibada ba, masu wurin ibadarki ba sa jin abin da kike cewa in kina addu'a da zuciya ɗaya.

Kada kuma ki ɗauka shiga babban coci shi ne magani. Coci-cocin nan tsofaffi ne, sun yi saiwa. Thomas Birch Freeman na Methodist ya taka Kumasi tun 1839, kusan shekara 90 kafin mishan ta Zariya ta koma Wusasa. Ramseyer na mishan ɗin Basel fursuna aka kawo shi garin nan, ya dawo a 1896, ga cocin da ke ɗauke da sunansa a Adum. Mutanen da ke cikinsu kakanninsu ma a nan aka yi musu baftisma, kowa da danginsa da bencinsa. Ki shiga ran Lahadi ki tarar da ɗaruruwan mutane suna rawa suna kaɗa farin hankici, a yi wa'azi da Tonanci ana ta dariya ba ki san abin da aka faɗa ba, a tashi kowa ya kama hannun nasa. Mutum na iya komawa gida ya fi yadda ya fito jin kewa.

Abin da ke riƙe mutum shi ne a rubuta sunansa a ƙaramin littafi. A Methodist, inda muke, kowane memba yana cikin aji, kowane aji da shugabansa, ana haɗuwa mako-mako, ana kiran suna, ana biyan ɗan abin da aka yanka. Shugabar ajinmu wata dattijuwa ce mai sayar da busasshen kifi. Littafinta a cikin leda yake saboda ruwan sama, biro ɗaure da zare. In aka kira sunanki sau biyu shiru, ba waya za ta yi ba. Za ta hau pragya, wato keke napep ɗinsu, ta zo har ƙofar ɗaki, ta ja kujera ta zauna ba a ce mata bismilla ba, ta buɗe tukunyarki ta ga ko kin ɗora wani abu yau. Da fari na ɗauki wannan shisshigi ne, har yanzu ma wani lokaci shisshigin ne. Amma a gida muna cewa zumunta a ƙafa take, kuma matar nan da ba ta jin Hausa sai "sannu" ta fi yawancinmu aiki da maganar.

Sai ƙungiyoyin ranar haihuwa. Tonawa suna kiran mutum da ranar da aka haife shi, kamar yadda muke da Ladi da Talatu da Jummai da Asabe. Coci ya ɗauki wannan ya raba jama'a gida bakwai. Ni Lami ce, sai aka jefa ni cikin su Yaw da Yaa, 'yan Alhamis. Akwai ranar baikon da ake kira Kofi da Ama: a jera kwanuka bakwai, kowace rana ta taso da rawa ta zuba nata, a ƙirga a sanar da wadda ta ci. Gasa ce ta tara kuɗi, ba na musu. Sai dai ba a tambayar ƙabilarki kafin a sa ki a ciki, kuma babu wanda aka haifa ba rana. Baƙon da ya zo makon jiya ma yana da mutanen da za su yi masa tsiya in ranarsu ta zo ta ƙarshe.

Mutuwa ce ke nuna inda mutum ya tsaya a ƙasar nan. Da Babanku ya cika, maƙwabtanmu na Zango ne suka fara shigowa, tun kafin gari ya waye. Suka shimfiɗa tabarmi, aka kawo koko da ƙosai, maza suka zauna a waje, ana ta "Allah Ya ba da haƙuri", suna tambayar ƙarfe nawa za a kai shi. Mutanen coci kuwa da littafi suka zo. A wurin Tonawa ba a gaggawar binne mutum: gawa takan yi makonni a firjin asibiti, a yi zaman kwana bakwai a tsai da rana, a yi jana'iza ran Asabar cikin baƙi da ja, a kafa rumfuna, masu gaisuwa su bi layi suna miƙa hannu daga dama zuwa hagu. Ga teburi a gefe inda ake karɓar gudummawar da suke kira nsawa, a rubuta rasit, a faɗi sunan mai bayarwa da abin da ya bayar a lasifika. Wannan faɗin suna har gobe bai kwanta mini ba, mu da aka koya mana hannun hagu kada ya san abin da dama ke yi. Mun tsaya a tsakiya, ba mu bar shi ya daɗe ba, amma mun bar coci ya yi nasa. Rumfa da kujeru da makaɗa duk daga asusun taimakon juna suka fito, wanda muke zuba wa duk wata.

Bayan an naɗe rumfa, 'yan'uwa da suka zo daga Najeriya sun hau mota, nan ne kaɗaicin yake. Matan ajinmu suka raba kwanaki tsakaninsu, kowane dare da mai zuwa ta kwana a ɗakina. Wata ba ma hira, ta yi addu'arta da Tonanci, in yi tawa da Hausa, ta yi minshari har asuba. Da rana kuma matan gidanmu na Zango su aiko yaro da tuwon zafi, su ce in fito tsakar gida in taya su tsinke zogale, ba don sun rasa hannu ba.

Hausa kuma ba mu rasa inda muke yabon Allah da ita ba. Mutanen arewacin Ghana, su Frafra da Kusasi da Busanga da Dagati, da yawansu Kiristoci ne, kuma wanda ya daɗe a Zango Hausa ce ke haɗa shi da ɗan wata ƙabila. Cocin Presbyterian na da shiri na musamman domin 'yan arewa mazauna kudu su yi sujada da harsunansu. Mu kuma mukan haɗu da yamma a gidan ɗayanmu, a buga tulu irin na zumuntar mata, a rera waƙoƙin da kika sani. Wani lokaci 'yan matan nan masu dako a kasuwa, da ke kwana a bakin shaguna, sukan leƙo su zauna a baya. In na dube su sai in ji kunyar kiran nawa kaɗaici.

Abin yana da tsada, kar in ɓoye miki. Kuɗin aji, kuɗin asusu, ankon zumuntar mata, baikon kaka, ga Asabar ɗinki ta zama ta jana'izar mutanen da ba ki taɓa gani ba, domin wanda ba ya zuwa ta wasu ba a cika zuwa tasa. Wanda ya yi sakaci da biyan asusu kuwa, ranar da abu ya same shi sai an buɗe littafi kafin a buɗe baki. Talaka yakan ji wannan a jikinsa, kuma ina ganin coci bai kyauta ba a nan. Akwai kuma masu kiran kansu annabawa, da mai da ruwa a kwalba, masu farautar gwauraye da baƙi. Su ce wa mace uwar mijinta ce mayya, ko maƙwabciyarta ce ta ɗaure mata ciniki. Ta shiga da kaɗaici ta fito ba ta gaisawa da kowa.

Game da zama da Musulmi da kike tsoro: a Ista ta 2019 Babban Limamin Ghana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akra yana cika shekara 100, kuma a Zango ba a ga abin tashin hankali ba. Naman layya na shigo mana, mu kuma da Kirsimeti maƙwabci muke kira ya yanka mana kaji don kowa ya ci. Inda ake ja da baya shi ne aure da sauya addini, nan kam ana ɓatawa kamar ko'ina.

In maganar karatunki a jami'ar KNUST da ke nan Kumasi ta tabbata, ki karɓo takarda daga faston ku, da ita za a sa ki a aji ba sai kin yi watanni kina zaman baƙuwa ba. Ki tambayi mamanki ranar da aka haife ki, ki ɗinka atamfa baƙa da kuma mai fari da baƙi. Ki taho mana da littattafan waƙoƙi na Hausa ko guda biyar ne, namu duk sun yage, mutum uku ke leƙa ɗaya.