Ga ɗan'uwan da ke neman sassauta bel ɗin Tundra don sauke altaneta

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya ɗaukar waya in amsa, domin abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da ya taɓa kwanar da ni a bakin titi. Ka ce motarka Toyota Tundra ta 2003 ce mai injin V8, fitilar batir ta kama, kana son ka sauke altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ka kai wa mai wayarin, amma ka duba ko'ina ba ka ga notin da ake sassauta bel da shi ba, kuma da ka sa sifana a notin da ke tsakiyar fulin adjasta, wato abin da ke ɗaure bel, ka murɗa, sai ka ji kamar notin ne yake kwancewa, bel kuwa yana nan a ɗaure. Ina roƙonka, idan har yanzu sifanar tana hannunka, ka ajiye ta ka gama karanta wannan tukuna.

Tawa ta 2002 ce, injinmu ɗaya, wato 2UZ-FE mai lita 4.7. Notin da kake nema babu shi. Adjastar wannan injin sifirin ne a cikinta, ita take ja wa bel ƙarfi da kanta, ba irin ta tsofaffin motocinmu ba ce da ake kwance noti a ture altaneta baya da ƙarfe sannan a ɗaure. Notin tsakiyar fulin nan da ka kama shi ne mariƙin, soket mai lamba 14 yake ɗauka, amma zarensa na hagu ne. Idan kana tsaye a gaban mota kana fuskantar injin, hagu za ka murɗa, saɓanin tafiyar agogo, wato ɓangaren da hannunka ya saba da cewa kwancewa ne. A wannan notin ɗaurewa ne, kuma da yake ya riga ya ɗauru ba shi da inda zai ƙara zuwa, sai hannun adjastar gaba ɗaya ya biyo ka, bel ya saki. Kai dama ka murɗa, shi ya sa ka ji yana kwancewa. Idan bai fita gaba ɗaya ba, ka mayar da shi hagu a hankali, da yatsu da farko, har ka tabbata ya hau zarensa daidai, sannan ka sa masa ƙarfi.

Ni ban samu wanda zai gaya mini wannan ba. Da kaka ne, na ɗauko buhunan masara daga wajen Funtuwa zan yi Zariya, bayan la'asar fitilar batir ta kama, kafin magariba fitilun gaba sun fara yin ja kamar aci-balbal. Na tsaya a wani gari da ke kan hanya aka nuna mini wani bakanike, dattijo ne da furfurarsa, wanda ganinsa kaɗai ya sa hankalina ya kwanta. Na tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa taɓa irin wannan injin, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce tun ban san hanyar makaranta ba yake kwance injuna. Na yi shiru, domin ba a yi mini tarbiyyar musu da babba ba, kuma wannan shirun ne nake nadamarsa har yau. Ya zagaya ya zagaya yana neman notin sassautawa, bai gani ba. Ya kama notin fuli ya murɗa dama har fulin ya faɗo ƙasa, bel ya saki, ya juyo ya ce da ni, "Ka gani ko, Alhaji?" kamar wanda ya ci gasa. A lokacin ni ma na ɗauka haka ake yi.

Wajen mayarwa ne asiri ya tonu. An gyara altaneta an ɗaura, aka zo mayar da fuli, sai ya dinga cusa notin yana murɗa dama, noti ya ƙi kamawa. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya ce zaren ne ya mutu, ya ɗauko guduma ya bubbuga kan notin. Yaronsa, wani ɗan saurayi da ke riƙe masa tocila, ya ce, "Oga, ko dai na hagu ne?" Ya daka masa tsawa a gabana har yaron ya sunkuyar da kai. Daga baya da ya ga babu mafita ya gwada hagun, noti ya shiga, amma a karkace, saboda hannun adjastar na alminiyom ne kuma guduma ta riga ta cinye bakin zaren. Duk da haka bai yarda a murɗa hagu don buɗe wa bel hanya ba, wai kada noti ya karye. Ƙarfen cire taya ya sa ya banƙare hannun adjastar, yara biyu suna turawa, shi yana cusa bel da sukudireba. Ina tsaye ina jin ƙarar ƙarfe a kan alminiyom, gabana yana faɗuwa, amma dare ya yi, kaya na kan mota, ga masu masara suna ta kirana. Na biya shi, har da na goro na ƙara masa, ya kuma karɓa yana yi mini nasiha cewa in riƙa kula da mota.

Ban yi nisa ba na ji wani ƙara kamar an harba dutse a cikin bonet. Nan take sitiyari ya yi nauyi kamar an zuba masa siminti, ga lodi, ga kwana a gabana, ga tirela tana tahowa da fitilunta a idona. Allah ne kaɗai ya fitar da ni, na samu na gangara gefe ina salati, ƙafafuna suna rawa. Da na buɗe bonet, fuli ya tafi abinsa cikin duhu, bel ya yayyage ya naɗe a bayan fanka. A nan na kwana a kan buhuna, sauro yana cina, ina tuna fuskar mutumin nan lokacin da yake cewa ka gani ko. Abin da ya fi ƙona mini rai ba asarar ba ce. Bayan kwana biyu na koma na same shi da guntun bel a hannuna, ban je da faɗa ba, so nake kawai ya ce ya yi kuskure, sai ya ce ai kayan motocin Amurka dama ba su da ƙwari, kuma shi lafiya ƙalau ya sallame ni. Yaron nan yana gefe yana wanke sifanu, bai ɗago kai ba. Na juya na tafi, har yau idan na bi ta garin ba na kallon ɓangaren garejin.

Ka yi haƙuri, na ja maganar, amma don ka san abin da ke bayan wannan ƙaramin notin ne. Adjasta sukutum na saya, kuma a wannan injin ba ta fita sai an sake sauke altaneta an cire wasu murafan roba na gaban injin, wato aikin da na biya sau ɗaya sai da na biya shi sau biyu.

Kafin ka taɓa komai, ka cire kan batir na baƙar waya. Kada ka ce ai mota a kashe take, domin babbar wayar da ke bayan altaneta tana da wuta kowane lokaci, kai tsaye daga batir, kuma sifana tana haɗa ta da jikin injin za ka ga tartsatsi, babban fis ɗin caji ya ƙone. Shi kuwa wannan fis ɗin ba a zare shi da hannu kamar sauran, da noti aka ɗaure shi ta ƙarƙashin akwatin fis, fitar da shi wani aikin ne na daban. Sannan ka ɗauki hoton yadda bel ya zagaya, daga sama da kuma daga ƙasa. Akan samu takardar zanen a manne a cikin bonet, amma a yawancin motocin da suka sha rana da wanki a wurinmu ta daɗe da gogewa. Kowa yana ganin zai tuna, sai bel ya zube a hannunsa kamar igiyar guga ya rasa ta ina ya bi.

Ka samu soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daram, da dogon hannu, ko ka zura bututu a kan hannun don ka samu ƙarfi, saboda sifirin ɗin yana da tauri kuma wurin matsattse ne tsakanin injin da rumfar fanka. Idan ka cire babban bututun iska na sama za ka fi ganin abin da kake yi. Ka ja a hankali ba da fizga ba, ka zame bel daga kan fuli mai santsi wanda ba shi da layuka, sannan ka saki adjastar sannu sannu har ta kai inda take tsayawa. Kada ka sake ta ta koma da ƙarfi. Kuma don Allah kada yatsanka ya shiga tsakanin bel da fuli ko da na ƙiftawar ido ne, domin soket yana iya zamewa, sifirin kuwa ba ya jira. Idan kana da wanda zai riƙe maka hannun sifana kai kana zare bel, ya fi.

Wani abin da ban sani ba sai daga baya shi ne dalilin mutuwar altanetar tun farko. A wannan injin tana can ƙasa, ɓangaren hagunka idan kana fuskantar mota, daidai ƙarƙashin famfon sitiyari. Famfon nawa yana ɗigar da jan mai a hankali, man yana sauka a kanta, ƙurar hanya tana manne masa, har ya zama kamar kwalta ya toshe wurin burushi. Don haka idan ka sauke taka ka ga ta yi baƙi da danƙo, ka gyara yoyon famfon ko tiyonsa kafin ka mayar, in ba haka ba za ka dawo nan da wannan tambayar kafin damina. Shi famfon dama sai ka kwance notunansa ka ture shi gefe kafin altaneta ta samu hanyar zamewa daga kan sandar da take rataye, amma ba sai ka cire tiyoyinsa ba. Ka cire farantin ƙarfe na ƙarƙashin injin ka shiga ta ƙasa, wayoyin baya sun fi sauƙin kamawa daga can. Filogin wayar ka danna harshensa kafin ka ja, robar ta tsufa da zafi, tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli.

Ka ma tabbatar altanetar ce kafin ka sha wannan wahala. Ka sa mita a kan batir: mota a kashe, batir mai lafiya zai nuna wajen volt 12.6, idan injin yana aiki ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya tsaya a 12 ko yana sauka, to babu caji. Kada ka yarda kowa ya cire kan batir injin yana aiki wai don gwaji, ko da ya rantse maka haka ake yi tun zamanin Fijo. Waccan tsohuwar Fijo ba ta da kwamfuta, taka tana da ita, kuma wutar da ke tashi a wannan lokacin tana iya ƙona ta. Dattijon nan ya yi mini wannan ma, ina kallo.

Tun da bel zai sauka, ka juya kowane fuli da hannu ka saurara. Wanda ya yi ƙara kamar yashi a ciki, ko yake girgiza, boris ɗinsa ya tafi. A jikin adjastar akwai ɗan kibiya da alamomi, idan bel yana ɗaure kuma kibiyar ta fita daga tsakanin alamomin, bel ya miƙe, ka canza shi, haka ma idan layukansa shida sun tsattsage ko man sitiyari ya jiƙa shi. Tsohon kada ka jefar, ka ajiye shi bayan kujera. Wajen mayarwa, ɓangaren layuka yana hawa fuli mai layuka, bayan bel mai santsi yana hawa fuli mai santsi, kuma fuli mai santsi na sama za ka bari ya zama na ƙarshe. Kafin ka tayar da injin ka bi kowane fuli da tocila, musamman na ƙasa da na kwamfuresar AC, ka ga bel bai hau baki da layi ɗaya ba, domin layi ɗayan nan ya isa ya yanka sabon bel cikin 'yan mintuna.

Akwai masu cewa idan bel ya tsinke a wannan injin ana iya ci gaba da tafiya saboda famfon ruwa bel ɗin taimin ne yake juya shi, wato wani bel na daban. Gaskiya ne game da famfon, amma fankar lagireto wannan bel ɗin ne yake juya ta, haka sitiyari, haka caji, kuma ni da na riƙe wannan sitiyarin da lodi a cikin duhu ba zan ba kowa wannan shawarar ba.

Abin da ya fi damuna a taka shi ne notin da ka riga ka kwance. Idan ka mayar da shi ka ji yana shiga da tauri tun daga farko, ko yana juyawa ba ya kamawa, kada ka tilasta shi, kada kuma ka hau titi da shi. Ka ɗauki hoton ramin da na notin ka turo nan mu gani, ni ina nan har bayan isha'i. Allah ya sa a dace.