Zuwa ƙauyen tarihin Yongin a lokacin Chuseok

Malam, ka tambaya ko ƙauyen Minsokchon ya cancanci ziyara lokacin Chuseok, bikin girbi na Koriya. Ya cancanta ƙwarai. Yana Yongin, kudu da Seoul, an buɗe shi a 1974, da gidaje fiye da 260 irin na zamanin Joseon, tsohuwar daular Koriya. Za ka ga mai tafiya kan igiya da fifita a hannu, da makaɗan manoma masu juya dogon zare a hula. Ɗanɗana songpyeon, ƙullin garin shinkafa da ake turarawa kan ganyen bishiyar fain.

Ka je da sassafe, cunkoso sai wanda ya gani. Makgeolli kamar kunun gyaɗa yake a ido, amma giya ce. Tambayi naman kowane abinci, alade ya yawaita. Batun biza kuwa, tuntuɓi ofishin jakadancin Koriya ta Kudu.