Amsa ga mai tambaya kan Corolla mai zafi da shan ruwa

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2004 tana ɗaukar zafi idan ka shiga cunkoso, amma allurar zafi tana sauka da ka hau babban titi, kuma kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto alhali ba ka ganin ɗigo a ƙasa. Bakanike ya ce a buɗe inji a sauya gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Shawarata ita ce kada ka yarda a kwance kan injin tukuna, domin alamar da ka bayyana ta fi nuna fanka.

A kan babban titi iska ce ke ratsa lagireto da kanta, a cunkoso kuwa fanka kaɗai ke wannan aikin. Ka tsayar da motar tana aiki, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ka leƙa. Idan fankar ba ta juya ba, ko tana juyawa a kasalance, a duba fis da rile (makunnin lantarkin fankar) da ɗan injin lantarkin da ke juya fankar. Ruwan da ya tafasa yakan fita ta ƙaramar robar ajiya ya bi iska, shi ya sa mai mota ke rasa ruwa ba tare da ya ga yoyo ba.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne murfin lagireto. Za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, wato matsin da yake riƙewa, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Idan robarsa ta bushe ta tsattsage, ruwa zai riƙa ƙarewa ko da komai na injin lafiya lau ne. Da safe, kafin ka tada mota, ka bi bakunan tiyo da haɗin roba da ƙarfe na saman lagireto da ƙasan famfon ruwa, ka nemi busasshen tabo fari ko mai launin tsatsa. Ka kuma taɓa kafet ɗin gefen fasinja, domin hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, na iya yoyo a ciki.

Sai waɗannan sun fita daga zargi ake maganar gasket, kuma shi ma yana da shaidunsa: kumfa mai tasowa ba tsayawa a bakin lagireto tun inji na da sanyi, tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan bayan an tada mota, farin hayaƙi daga salansa da ba ya ɗaukewa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ka lura, gasket na iya ƙonewa man bai sauya launi ba.

Idan aka ce za a cire maka tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, saboda wai ƙasarmu da zafi, kada ka amince. Na wannan injin yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan fetur, ainihin cutar kuma tana nan. Idan ya maƙale, a sa sabo. Ruwan rijiya zalla ma ka daina zubawa, domin shi ke toshe lagireto da tsatsa.

Kafin a gyara, da allura ta doshi ja ka faka ka kashe, domin kan injin na alminiyam ne kuma zafi yana lanƙwasa shi. Kada ka buɗe murfin sai injin ya huce sosai.