Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske an yi 'yan kwaminis a Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A makaranta an ce mana kwaminisanci na Rasha da Sin ne, sai na ji wani malaminmu yana cewa har a Ingila an yi su kuma sun riƙe ƙungiyoyin ƙwadago. Da gaske ne? Su waye su? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, malaminku bai yi ƙarya ba. A 1920 aka kafa jam'iyyar kwaminis ta Birtaniya, kuma yawancin jagororinta leburori ne da suka taso cikin talauci, ba 'yan boko masu dogon turanci ba.

Ɗauki Harry Pollitt, wanda ya fi kowa suna a cikinsu. An haife shi a 1890 kusa da Manchesta, yana ɗan shekara 12 ya fara aiki a masaƙar auduga inda mahaifiyarsa take aiki, rabin yini makaranta rabin yini masaƙa, daga baya ya koyi ƙirar manyan tukwanen ƙarfe na injuna. A 1920 yana cikin waɗanda suka zuga 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan suka ƙi loda makamai a jirgin Jolly George, makaman da za a kai Poland a yaƙi Rasha da su. A 1925 gwamnati ta maka shi kotu shi da wasu shugabannin jam'iyyar 11 da wata tsohuwar doka ta 1797 kan zuga sojoji su yi bore, aka ɗaure shi shekara ɗaya, shi ya sa lokacin babban yajin aikin 1926 da aka yi kwana 9 ana yi yana gidan yari. Daga 1929 ya zama babban sakataren jam'iyyar.

Abin da ke ban mamaki a tarihinsu shi ne ma'aikata sun yarda da su a wurin aiki amma ba su yarda da su a akwatin zaɓe ba. Arthur Horner ɗan kwaminis ne gaba da baya, amma shi ne babban sakataren ƙungiyar masu haƙar kwal ta ƙasa daga 1946 zuwa 1959, don in ana maganar albashi ba ya ja da baya. A majalisa kuwa ko a 1945 da tauraronsu ke haskawa kujera 2 kacal suka samu, Willie Gallacher da Phil Piratin, Pollitt kansa ya faɗi da tazarar ƙuri'u ƙasa da 1,000, a 1950 kuma duka biyun suka tafi.

A ganina biyayya ga Mosko ce ta kashe su. Da aka fara yaƙin duniya a 1939 Pollitt ya ce a yaƙi Hitila, sai umarni ya zo daga Mosko cewa a'a tunda Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Jamus, aka sauke shi daga kujerarsa, sai a 1941 da Jamus ta afka wa Rasha aka dawo da shi. Mafi muni ma, Rose Cohen, matar da ya daɗe yana nema da aure, a Mosko aka kama ta aka harbe a 1937, ya roƙa mata a ɓoye amma a fili bai ce uffan ba. Kai, wannan abu da ciwo yake.

A 1956 da tankokin Sobiyet suka murƙushe boren Hangari dubban mambobi suka yaga katinsu suka fice, a shekarar ne Pollitt ya sauka daga sakatare. Ya rasu a 1960 cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta dawowa daga Ostareliya. Jam'iyyar ta rushe kanta a 1991, amma jaridarsu Daily Worker da ta koma Morning Star a 1966 har yanzu tana fitowa.