Tsagewar ƙashin ƙwauri da gwajin gudu na ƙarin girma

Ɗan'uwa, ka ce ƙashin ƙwaurinka ya tsage, saura mako 3 gwajin gudu, shin ka daure ka shiga? A'a, kar ka shiga. Karɓo takardar likitan bariki ka kai wa kwamandanka, ka nemi a ɗage maka.

Irin wannan tsagewa kan ci mako 6 zuwa 8 kafin ta haɗe. In ka sha maganin ciwo ka taka ta da gudu, tana iya karyewa gaba ɗaya, watanni su tafi. Kafin nan riƙa tuƙa keke ko yin iyo saboda kar ƙarfin numfashinka ya ragu. Sai ka iya tafiyar minti 30, ka yi tsalle sau 10 a kan ƙafar ita kaɗai babu zafi, sannan ka fara sassarfar minti 1, tafiya minti 4, kana tsallake rana ɗaya.