Amsa: Dole ne a duba tukunyar tururin injin gumi?

Malam, ka ce ka sayo tsohuwar tukunyar tururi don gumin shinkafa a nan Katsina, kana tambaya ko sai hukuma ta duba ta. Dole ne. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta ce sai sufeton da aka ba izini ya binciki tukunya aƙalla sau ɗaya a duk wata 14, da kuma bayan babban gyara. Ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka nemi sashen kare lafiyar ma'aikata.

Sufeton zai sa a bar tukunyar ta huce, a buɗe, ya leƙa ciki. Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin ɓawo a jikin ƙarfe, zafi ya taru a wurin har ƙarfen ya yi laushi. Zai gwada agogon matsi, da gilashin ganin ruwa, da bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa.

Wannan bawul ɗin fa! Na taɓa ganin inda yaran wani injin suka ɗaure shi da waya, wai ƙararsa ta dame su. Don Allah kada ka hura wa tukunyar wuta kafin takardar sufeto ta shigo hannunka.