Amsa: tauraron ɗan'adam zai iya auna ruwan bakin teku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tauraron ɗan'adam na iya auna tsayin ruwa a bakin teku da inda kogi ke shiga cikinsa. Yana iyawa, amma da wahala.

Tauraron yana harba siginar rada ƙasa, ya lissafa lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Tun daga tauraron TOPEX/Poseidon a 1992 ake wannan aikin ba yankewa, daga nisan kilomita 1,336. A tsakiyar teku lafiya lau. Da an matso gaɓa kuwa, sai ƙasa da ciyayi su gurɓata siginar, ga kuma cika da janyewar teku kullum, shi kuwa tauraron sai bayan kwana goma yake dawowa wuri ɗaya. Shi ya sa har yau ana haɗawa da ma'aunin da aka kafa a gaɓa.

Tauraron SWOT, na Amurka da Faransa, da aka harba a Disamba 2022, ya rage matsalar, don yana ɗaukar faɗin kilomita 120 lokaci guda, har da koguna da tafkuna. Mu nan Gombe abin ya shafe mu: ruwan Dadin Kowa ta Gongola yake bi zuwa Binuwai a Numan, ya haɗu da Neja a Lokoja, sannan ya faɗa teku.